In ka yi kiciɓis da zaki, damisa ko zakin dutse a daji

Masu shiga daji a ƙasar Bauchi da Gombe iri-iri ne. Akwai makiyayi mai bin shanu, da mai neman itace, da mai ɗiban zuma, da manomin da gonarsa ke bakin gandun daji. Akwai ɗaliban da makaranta ke kwasowa yawon buɗe ido, sai kuma matasan da suka ɗauki hawan dutse a matsayin motsa jiki, ranar Asabar su nufi duwatsun Dass ko tsaunukan Tula. Mafi yawansu za su ƙare rayuwarsu ba su taɓa haɗa ido da zaki ko damisa ba. Amma wanda ƙaddara ta haɗa shi da ɗayansu, daƙiƙa biyar ɗin farko ke raba gardama, kuma abin da jiki ke umartar mutum a lokacin, wato ya juya ya zura da gudu, shi ne ainihin abin da ke sa dabbar ta bi shi.

Lissafin a fili yake. Zaki yana kai kilomita 60 zuwa 80 a awa a gajeren zango, damisa kusan 58. Ƙaƙƙarfan saurayi da ƙyar yake wuce 25 a fili mai kyau, balle a cikin gamba da tsakuwa. Zakin da ke mita 30 daga gare ka, daƙiƙa biyu zuwa uku ta ishe shi. Bayan haka, dangin kyanwa duka an halicce su da bin abin da ya ba su baya yana gudu, ko da a ƙoshe suke. Wanda ya tsaya ya fuskance su ya zame musu abin shakka. Wanda ya ruga ya zama nama.

Me ke cikin dazukanmu

Zaki ya kusa ƙarewa a Najeriya. Wuri biyu kaɗai ya rage, gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri da kuma dajin Kainji, kuma in an haɗa su duka ba su kai 50 ba. Yankari tana da faɗin murabba'in kilomita 2,244, saboda haka ko mai shiga cikinta sai ya yi sa'a yake ganinsa. In ba a Yankari da gefunanta kake ba, batun zaki ba shi ne damuwarka ba.

Damisa kuwa wani zance ne daban. An daɗe ana zaton ta ƙare a Yankari, sai a shekarar 2017 kyamarar da masu kula da namun daji suka ɗaure a bishiya ta ɗauki hoton wani namiji. Wannan shi ne halinta, tana iya zama shekaru kusa da mutane babu wanda ya sani. Duk inda ka ga duwatsu masu koguna, da kurmi, da gwaggon biri da gada, kada ka rantse cewa babu ita. Kura ta fi su duka yaɗuwa, ita ce kuma ta fi kusantar ruga da ƙauye.

Sai dai kada tsoron manya ya sa a manta da ƙanana. Abin da ya fi kwantar da mutanenmu a daji kububuwa ce, shi ya sa Kaltungo ke da asibiti guda na masu saran maciji. Takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando mai kauri sun fi kowane makami amfani a tafiya goma cikin goma. A cikin Yankari kuma ɓauna da giwa da dorina ba su fi zaki sauƙi ba ga mai tafiya a ƙasa.

Kafin ka ɗaga ƙafa

Ka fara da ƙauyen da ke gindin dutsen. Gai da mai unguwa, ka nemi sarkin baka ko wani dattijon makiyayi, ka yi masa tambaya uku: yaushe rabon da wani abu ya kama akuya ko maraƙi, a wane gefe, kuma ina ruwa ya rage a dajin. Da rani namun daji kan taru ne inda ruwa yake, mai cin su kuma yana biye. A Yankari kwarin kogin Gaji ne matattararsu. Ka kuma tambayi halin tsaro, domin a 'yan shekarun nan an sha fama da 'yan bindiga a wasu dazukan Alkaleri da Toro da Ningi.

Kada ku gaza mutum uku, huɗu ya fi. Idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su nemo taimako. Ku yi tafiya a dunƙule, tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya kada ta wuce mita 10. Yara a tsakiya, inda hannun babba zai kai gare su. Yaron da ya ruga gaba yana tsalle-tsalle, ko wanda gajiya ta bari a baya, shi mafarauci ke zaɓa.

Ku shiga bayan rana ta ɗaga, wajen ƙarfe takwas, ku fito kafin biyar na yamma. Zaki kan shafe kusan awa 20 cikin 24 yana hutawa, farautarsa da ta damisa daga faɗuwar rana ne zuwa fitowarta.

Kayan da ya kamata kowa ya riƙe ba su da yawa: gora ko ƙaƙƙarfar sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, usur a rataye a wuya ba a cikin jaka ba, tocila mai haske sosai da batirin canji, ruwa lita uku ga kowane mutum, huɗu in bazara ce. A jakar mutum ɗaya a sa bandeji mai faɗi guda huɗu, da sabulu, da tsabtataccen ƙyalle. A cire abin sauraren waƙa daga kunne. A bar kare a gida, domin damisa na son naman kare, kuma karen da ya tsokano dabba wurin ubangidansa yake gudowa da ita a bayansa.

A Yankari ba a fita daga sansanin Wikki a shiga daji ba tare da ma'aikacin gandun ba. In kuna cikin mota kuka ga zaki, kowa ya zauna. Yana kallon motar ne a matsayin abu guda. Da zarar wani ya miƙe tsaye ko ya sauka don ɗaukar hoto, siffar mutum ta fito, lissafi ya canza.

Karanta dajin

Yawancin haɗuwar da ta ƙare da jini, an ga alamarta tun kafin a kai. Sawu ake fara dubawa, a yashi mai laima na bakin rafi ko ƙurar hanya da safe. Sawun zaki da na damisa yatsu huɗu ne, babu alamar farce domin suna janye faratansu in suna tafiya, kuma bayan tafin yana da ƙullutu uku. Na babban zaki yakan kai santimita 12 zuwa 14, na damisa 7 zuwa 9. Sawun kura yana nuna farata, ƙullutunsa biyu ne a karkace, na gaba kuma ya fi na baya girma. In gefen sawun yana tsaye bai rushe ba, ko kuma ya hau kan sawun shanun da suka wuce jiya da yamma, to sabo ne. In ka ga ƙananan sawu suna bin babba, uwa ce da 'ya'ya. Nan tafiya ta ƙare, a juya.

Kashin kura in ya bushe fari yake yi saboda ƙashin da take taunewa. Na zaki baƙi ne, cike da gashi, da wari mai ƙarfi.

Sai kunne. Gwaggon biri in suka haye bishiya suna haushi mai ƙarfi, duk fuskarsu gefe guda, wani abu suke gani. Haka zabin daji in suka ɓarke da kuka babu dalili, ko mazo ya yi haushi ɗaya ya tsere. Kukan damisa kamar ana yanka katako da zarto yake. Rurin zaki ana jin sa daga kilomita 8 da dare, don haka jin sa ba ya nufin yana kusa, gurnani ne ke nufin yana kusa.

Ungulaye da suka cika bishiya suka ƙi sauka suna gaya maka mai naman yana nan bai tashi ba. Warin mushe, alamar an ja abu a ƙasa zuwa cikin sarƙaƙiya, gada ko akuya a saƙale a reshen bishiya, duk waɗannan umarni ɗaya suke bayarwa: koma ta inda ka fito. Kada ka matsa don ka gani, kada kuma ka yi kwaɗayin naman. Mai ɗaukar abin da damisa ta ajiye yana tsokanar faɗan da ba zai iya ba.

In zaki ne

Idan kai ka fara ganinsa daga nesa, mita 100 ko fiye, bai lura da ku ba, ku tsaya cak, ku yi shiru, ku taru, ku koma da baya ta hanyar da kuka zo. Kada a nemi zagaye shi ta cikin ciyawa, wataƙila ba shi kaɗai ba ne.

Idan ya ɗaga kai ya gan ku, ku tsaya ku fuskance shi. A ɗauki yara nan take, amma ba da durƙuso ba: ka kama yaron ta hannu ko ta wuyan riga ka ɗago shi kana tsaye, idonka na kan dabbar. Da rana, zakin da bai saba da mutane ba yakan tashi ya bar wurin. Abin da ake bukata shi ne a bar masa hanya. Kada ku tsaya tsakaninsa da kurmi, ko tsakaninsa da naman da yake ci, ko tsakanin zakanya da inda ta ɓoye 'ya'yanta. Zakanya kan ɓoye jarirai a sarƙaƙiya kusan mako shida, kuma a wannan lokacin ta fi namiji haɗari. Haka ma namiji da mace da suka ware don barbara.

Idan bai tafi ba, zai yi gargaɗi: kunnuwa a kwance, gurnani daga ƙirji, wutsiya na kaɗawa hagu da dama. In wutsiyar ta sandare tana ɗagawa sama da ƙasa, zai taso. Nan ne aikin yake. Ku jeru kafaɗa da kafaɗa. Ku ɗaga hannuwa da sanduna, mai babbar riga ko mayafi ya buɗe, mai jaka ya ɗaga ta sama da kai. Ku yi tsawa da murya mai kauri, a busa usur. Ka san wanda ya fi tsoro a cikinku tun kafin a shiga daji, ka tsaya kusa da shi, ka riƙe masa ɗamara. Mutum ɗaya in ya ɓalle ya jawo wa kansa, ya kuma karya sahun sauran.

Mafi yawan irin wannan tasowa barazana ce. Zai zo da ƙura da ruri, ya ja birki 'yan taku kaɗan daga gare ku, ya bugi ƙasa, ya koma. Yana iya maimaitawa sau biyu ko uku. Duk lokacin da ya koma, ku ja da baya taku-taku, fuska na kallonsa. Tunda mai tafiya da baya ba ya ganin rami, mutum ɗaya ya riƙe rigar na gaba yana duba hanya yana faɗa. Faɗuwa ƙasa ita ce babbar masifa a nan. In kun motsa ya biyo, ku sake tsayawa ku yi tsawa. Kada a juya baya sai kun yi nisan da ba ku ganin juna, kuma ko a lokacin tafiya ake yi ba gudu ba.

Akwai bambancin da ya kamata a haddace. Zaki mai hayaniya so yake ku tafi. Zaki mai shiru, kai a ƙasa, ido a kafe, yana laɓe yana matsowa, ku yake so. Irin wannan ba a ja masa da baya a natse. A matsa taku ɗaya gaba, a yi masa ihu gaba ɗaya, a jefe shi da abin da ke hannu, ya gane an gan shi kuma ba za a ci da sauƙi ba.

Hawa bishiya ba mafita ba ce. Ba za ka samu lokaci ba, zaki na iya hawa, damisa kuwa bishiya ɗakinta ce. Bishiya tana ceto ne daga ɓauna da kura.

Damisa ƙi sabo

A wuri ɗaya dokar ta sauya. Damisa ta dogara ne da ɓuya. In ka hango ta a kwance a kan dutse ko cikin ciyawa, sau da yawa tana zaton ba ka gan ta ba, kuma za ta bari ka wuce. Da zarar ka tsaya ka kafa mata ido, ko ka nuna ta da yatsa, ta san asirinta ya tonu, sai ta zaɓi gudu ko faɗa. In tazarar kaɗan ce faɗan take zaɓa. Don haka kada ka haɗa ido da ita. Ka riƙe ta a gefen idonka, ka faɗa wa abokan tafiya a hankali, ku karkata ku ci gaba da tafiya kuna nisantar ta, ba tsayawa ba sauri.

In ta taso kuwa, ba ta cika yin barazana irin ta zaki ba. Takan zo a ƙasa-ƙasa da wani gajeren tari, cikin ƙiftawar ido. A nan sai a fuskance ta, a yi ihu, a miƙa sanda gaba da hannu biyu, a sauke haɓa a rufe maƙogwaro. Nauyinta bai kai rabin na zaki ba, kuma sau da yawa takan yaga mutum ta wuce.

Yawancin waɗanda damisa ke ji wa ciwo su suka ritsa ta: ta faɗa tarko aka je dubawa, ko ta shiga garken awaki aka kewaye ta da sanduna, ko wani ya leƙa kogo. Kada a tura kai ko sanda cikin kogon da ba a san abin da ke ciki ba. In ta shigo gari, a kwashe yara da dabbobi, a buɗe mata hanya, a kira ma'aikatan gandun daji. Taron 'yan kallo shi ke jawo raunuka. Harbi da bindigar toka kuma ya fi komai muni, domin da wuya ya kashe ta nan take, kuma damisa mai rauni ba ta da na biyu wajen haɗari.

Kura da kwanan daji

Kura ga tsoro ga ban tsoro. Da rana tsawa ɗaya da jifa sun ishe ta. Da dare take samun ƙarfin hali, kuma wanda ke barci a fili take nema, ta cafki fuska ko ƙafa. In dole ne a kwana, a kwana cikin tanti a zuge, ko bukka mai ƙofa, kada kai ko ƙafa su leƙo. Kada a kafa sansani a kan turbar namun daji ko bakin mashaya, a matsa aƙalla mita 200 daga ruwa. A dafa abinci nesa da wurin kwana kamar mita 50, ragowar nama da ƙashi a rataye su a can, tukunya a wanke. Wuta tana taimakawa wajen gani, amma ba katanga ba ce. Abin da ke tsare sansani shi ne mutum a farke da tocila, ana karɓa-karɓa duk awa biyu.

A ƙasar Tanzaniya, inda zakuna suka kashe mutum sama da 560 tsakanin 1990 da 2004, bincike ya nuna da yawa an kama su ne a bukkokin gona suna gadin amfani. Wani binciken na 2011 ya gano harin ya fi yawa daga magariba zuwa ƙarfe goma na dare, a kwanakin da ke bin cikar wata, lokacin da rana ke faɗuwa wata bai fito ba. A lissafinmu, daga 16 ga watan Musulunci zuwa wajen 25 ke nan. Manoman bakin Yankari su riƙe wannan.

Mutum a tsugune ya rage tsawo, ya kuma buɗe ƙeyarsa. Saboda haka mai zagayawa da dare kada ya tafi shi kaɗai, wani ya tsaya a tsaye kusa da tocila. Sallar asuba da ta magariba suna faɗowa daidai lokacin farauta, to a yi su kashi biyu, wasu na yi wasu na tsaro. Alwala kuma a ɗebo ruwa a buta a matsa, kada a durƙusa a bakin rafi, ko don kada.

Zakin dutse na Amurka

'Ya'yanmu da ke zuwa karatu ko aiki a yammacin Amurka da Kanada kan samu kansu cikin masu yawon duwatsu, kuma a bakin hanyoyin za su ga allunan gargaɗi game da zakin dutse, wanda ake kira puma. Babu shi a Afirka. Yana zaune daga Kanada har kudancin Chile da Ajantina. Ba shi da geza, ba ya ruri, launinsa ruwan ƙasa, wutsiyarsa doguwa mai baƙin baki. Namiji yakan kai kilo 50 zuwa 100, mace 30 zuwa 60. A girma ya fi kusa da damisa, shi kaɗai yake yawo, barewa yake ci, kuma ta baya yake kamawa a wuya.

Harinsa kan mutane kaɗan ne ƙwarai. Masanin namun daji Paul Beier ya tattara na Amurka da Kanada daga 1890 zuwa 1990, ya samu hari 53 da mutuwar mutum 10, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa yara ne. Tsibirin Vancouver na Kanada ya yi suna wajen yawan haɗuwa da shi. Masu gudun motsa jiki su kaɗai da masu keke a cikin daji su ma suna cikin haɗari, saboda saurinsu yana tayar masa da sha'awar bi.

Kada ka ɗauki dokar damisa ka kai can. Zakin dutse ana kafa masa ido ne, ba a kawar da kai. Ka tsaya, ka buɗe rigar sanyi ka ƙara girma, ka yi magana da ƙarfi, ka ɗauki yaro ba tare da sunkuyawa ba, ka ja da baya a hankali ka bar masa hanya. In yana matsowa, ka jefe shi da gorar ruwa ko abin da hannu zai kai ba sai ka duƙa ba. A shekarar 2020 a jihar Yuta wata macen zakin dutse mai 'ya'ya ta bi wani mai gudu kusan minti shida tana kawo masa barazana. Da baya ya yi ta tafiya yana mata tsawa, bai juya ba, har ya samu sarari ya jefe ta da dutse ta koma. A 2019 kuma a Kolorado wani matashin zakin dutse ya kama wani mutum, mutumin ya yi kokawa da shi har ya shaƙe shi.

Alamarsa ta musamman ita ce yadda yake ajiye nama: yakan ja barewa ƙarƙashin bishiya ya rufe ta da ganye da ƙasa, ya riƙa dawowa kwanaki. In ka ga tulin ganye da ƙafar barewa a leƙe, bar wurin. A can ana sayar da feshin barkono na korar beya, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da ke can, yana kai mita 7 zuwa 9, kuma yana aiki a kan zakin dutse. A rataye shi a ƙugu, a lura da inda iska ke kaɗawa kafin a fesa. Ba a shiga jirgin sama da shi, wasu gandayen kuma, irin su Yosemite, sun hana shi. Lambar gaggawa a Amurka da Kanada 911 ce.

In ta kai ga kamawa

Kada ka yi kamar ka mutu. Wannan dabara ce ta wata dabbar daban, ga dangin kyanwa kuwa sauƙaƙa musu aiki ne. Ka yi iya ƙoƙarinka ka zauna a tsaye. Wuya suke nema, don haka haɓa a ƙirji, kafaɗu a ɗage, jakar baya kada a cire ta domin tana kare ƙeya. In dole sai ta ciji wani abu, ka tura mata sanda, ko jaka, ko hannun da ba ka aiki da shi. Da ɗayan hannun ka nemi ido da hanci, da wuƙa, da dutse, da yatsa. Sauran kada su watse neman taimako. Su far mata gaba ɗaya da sanduna da ihu, domin mafarauci ba ya son rauni, kuma sau da yawa yakan saki in duka ya yi yawa. Mai adda ya lura kada ya sari ɗan'uwansa.

Rauni

Jini ake fara tsayarwa. A danna ƙyalle mai tsabta a kan wurin da ƙarfi, minti goma cur ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, a tazarar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da ɗan itace har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Igiya siririya ko waya yanka nama take yi. Ba a kwance ɗaurin sai a asibiti.

In jini ya lafa, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15. Haƙori da farcen waɗannan dabbobi cike suke da ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen nama, kuma hudar da ta yi kama da ƙarama a waje tana iya yin zurfi har ƙashi. Kafin zuwan magungunan zamani, ruɓewar rauni ta kashe da yawa daga waɗanda suka tsira daga bakin damisa. Kada a zuba toka, ƙasa, man birki ko fetur. Kada a bari a ɗinke a shagon magani, ɗinkin gaggawa yana rufe cutar a ciki.

A kai shi asibiti a ranar, ko da yana tafiya da ƙafarsa. Zai bukaci allurar tetanus, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita zai rubuta, da rigakafin ciwon haukan kare, wanda ake farawa a ranar farko a ci gaba a kwana na 3 da na 7 da abin da likita ya tsara bayan nan. Dabbar da ta zo wa mutane da rana tsaka babu shakka, musamman kura ko dila, ita ake fi zargi da wannan ciwo, kuma in alamunsa suka bayyana ba a warkewa. Raunin wuya, fuska, ƙirji ko ciki na babban asibiti ne: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe. Lambar gaggawa 112 ce, amma a yawancin dazukan nan babu sabis, shi ya sa tun da safe ake barin saƙo a ƙauye: ina za ku, ku nawa, ƙarfe nawa za ku dawo, kuma wa ke da babur.

Ko babu wanda ya ji ciwo, a kai rahoto ga mai unguwa da ma'aikatan gandun daji. Makiyayin da aka kashe wa saniya yana da gaskiyar ɓacin rai, asara ce babba. Amma zuba guba a mushe ba ya tsayawa kan mai laifin: yana kashe ungulaye da kuraye da karnukan ruga, yana iya shafe zakuna da yawa a dare guda cikin 'yan kaɗan da suka rage mana, kuma doka ta hana. Abin da ma'aikata ke bukata daga gare ka shi ne wurin da abin ya faru, da lokaci, da yawan dabbobin, da ko akwai 'ya'ya ko rauni a jikinsu, da gefen da suka nufa. In akwai sawu, ka ɗauki hotonsa da waya ka ajiye biro ko takardar kuɗi a gefensa don a gane girmansa.